Yadda zaka gwada da hannunka ka gane dalilin da yasa ƙarfe ke ƙara tauri in an lanƙwasa shi

Duk wanda ya taɓa lanƙwasa wayar jan ƙarfe ya san abin nan ko da bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ba. Karon farko waya tana bin hannunka kamar igiya, amma da ka zo miƙar da ita sai ta ƙi, wajen da ka lanƙwasa ya ƙage yayi ɗan doro, gefensa ne kawai yake bin hannu. In ka tambayi mutane da yawa zasu ce maka ai ƙarfen ne ya matse ya cure shi yasa yayi tauri. Ba haka bane sam. Abin da ke sa ƙarfe laushi tun farko wasu kurakurai ne masu iya tafiya a cikin jerin atam ɗinsa, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama ƙarfen, taurin kuma yana zuwa ne lokacin da kurakuran nan suka yi yawa har suka tare wa juna hanya. Ni dai abin nan bai zauna min a kai ba sai da na gwada da hannuna, shi yasa nake so kai ma ka gwada.

Ka nemi wayar wuta ta jan ƙarfe mai sili ɗaya, ba mai gashi-gashi ba, irin wadda ake kira 2.5, kaurinta ya kusa milimita 1.8, mita ɗaya ya isa. Sai filaya biyu, guduma, wutar gas, kwano da ruwa, ƙananan noti masu girma ɗaya kamar guda 40, ƴar leda, madubin ƙara girma, takarda da biro. Robar jikin wayar da wuƙa zaka fere ta, don Allah kar ka ƙona ta, hayaƙinta guba ne. Haka duk ƙarfen da aka shafa wa tutiya kar ya shiga wuta, tiririnsa yana sa zazzaɓi. Tabarau na kare ido kuma dole ne.

Da farko ka yanka wayar gida biyar, kowanne santimita 15, ka gasa su duka. Ka riƙe da filaya ka saka a wuta, ka rage hasken ɗakin don ka ga kala da kyau, kana bi da shi a hankali daga wannan kai zuwa wancan har ko'ina yayi ja mai duhu, wato wajen digiri 600 zuwa 700 kenan, ka barshi haka kamar daƙiƙa 20 sai ka tsoma a ruwa. Zaka ga wani baƙin ɓawo yana zubowa, iska ce ta ci saman, ba komai. Kar ka bari yayi jawur mai haske don jan ƙarfe a digiri 1085 yake narkewa kuma tun kafin nan ka lalata shi. Amfanin wannan gashin shine duk guda biyar ɗin su tashi daga wuri ɗaya, don baka san wahalar da wayar ta sha ba kafin ta zo hannunka.

Mataki na biyu shine awo, kuma nan nake so ka nutsu. Ka ɗora sili ɗaya a bakin teburi, santimita 5 a kan teburin ka danne da katako mai nauyi, santimita 10 a waje yana lilo, ka rataya ledar a ƙarshensa. Saka noti ɗaya, duba yadda kan wayar ya sunkuya, cire ledar ka ga ya koma inda yake. Saka biyu, cire, duba. Haka zaka yi ta yi har ka zo inda ka cire kayan amma wayar bata koma daidai ba, ta tsaya a ɗan sunkuye. Rubuta adadin notin.

Lanƙwasa iri biyu ka gani yanzun nan. Ta farko mai komawa ce, atam ɗin sun ɗan ja da baya da juna ne kawai amma kowa yana riƙe da maƙwabcinsa, da ka saki sai su dawo. Ta biyu kuwa wasu atam sun saki maƙwabtansu na da sun kama sababbi, babu abin da zai mayar da su.

Yanzu ɗauki sili na biyu, ka kama kai ɗaya da filaya gam, ɗaya kan ka murɗa shi zagaye 15 zuwa 20 kana ɗan ja don kar ya nannaɗe. Na zaɓi murɗawa maimakon duka ne saboda kaurin wayar baya canzawa sosai, don haka awon zai yi adalci. Tun kana murɗawa hannunka zai gaya maka labari, zagayen farko kamar banza, na 15 sai ka sa ƙarfi. Taɓa shi a leɓenka zaka ji ɗumi, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ka zuba zafi ya koma, ɗan ragowar ne ya maƙale a ciki. Mayar da shi bakin teburi ka sake awon. Abu biyu zaka lura. Noti ɗaya yana sunkuyar da shi daidai yadda ya sunkuyar da na farko, wato riƙon da atam suka yi wa juna bai canza ba ko kaɗan, amma adadin notin da zaka saka kafin ya tsaya a sunkuye ya ninka. A ɗakin gwaji gasasshen jan ƙarfe yana fara bada kai ne a wajen megafaskal 70 (megafaskal ma'aunin ƙarfin ja ko matsi ne), wanda ya sha ja ko duka sosai kuwa yana wuce 300, kuma ƙarfe ɗaya ne ba a ƙara masa komai ba.

Toh me ya faru a ciki? Ƙarfe ba dunƙule ɗaya bane, tarin ƙananan kiristal ne da suka manne da juna, bari mu kira kowanne tsaba. A cikin tsaba ɗaya atam suna jere sahu-sahu, falle kan falle, a jan ƙarfe kusan atam miliyan 4 ne a tsawon milimita ɗaya. Tsabar kusa da ita ma jerin iri ɗaya ne sai dai ta fuskanci wani ɓangare daban, inda suka haɗu shine iyakar tsaba. In kana so ka ga tsaba da idonka duba jikin wani bokiti ko kwanon rufi da aka tsoma a tutiya, wannan zanen mai kama da fure-fure da ke ƙyalli daban-daban in ka juya shi, kowane fure kiristal ɗaya ne.

Lanƙwasa mai zama tana faruwa ne in wani falle ya zame a kan wani. A 1926 wani masanin Rasha Yakov Frenkel ya lissafa ƙarfin da ake buƙata a zamar da falle guda gaba ɗaya lokaci ɗaya, sai lissafin ya nuna ya kamata ƙarfe ya fi yadda muke ganinsa ƙarfi sau ɗaruruwa har dubbai. Da lissafin nan ne ke aiki a wayarka da lanƙwasa ta ta zauna ya yi maka wuya ƙwarai. Sai a 1934 mutum uku, Geoffrey Taylor a Ingila da Egon Orowan da Michael Polanyi ƴan asalin Hungari, kowa ta hanyarsa suka kawo amsa ɗaya: fallen baya zamewa lokaci ɗaya.

Gwada wannan a matsayin mataki na uku. Samu babban kafet mai nauyi ka kama bakinsa ka ja, da ƙyar zai motsa. Yanzu ka tattaro ɗan tudu a bakinsa ɗaya, ka dinga tura tudun da ƙafa har ya fita ta ɗaya bakin, zaka ga kafet ɗin gaba ɗaya ya matsa da ɗan taƙi kuma baka ji komai ba, don a kowane lokaci ɗan wajen tudun ne kawai ya rabu da ƙasa. A cikin kiristal tudun nan rabin falle ne na atam da ya shigo tsakanin sahu ya ƙare a tsakiya bai kai ƙasa ba. Bakin rabin fallen nan layi ne dogo, Turawa na ce masa disilokeshan, mu kira shi layin gociya. In ka matsa wa ƙarfe layin yana matsawa taki ɗaya-ɗaya, sahu ɗaya ya saki ya kama na gaba, har ya fita a bakin tsabar ya bar ɗan tsani mai tsayin atam ɗaya. Miliyoyin irin wannan ne suka haɗu suka zama lanƙwasar da ka gani. Ba a ga layukan nan suna tafiya da ido ba sai 1956, lokacin da Peter Hirsch da abokan aikinsa a Kambirij suka haska siririn alminiyum da na'urar ƙara girma mai aiki da elektron.

Mataki na huɗu shi na fi so, don a nan zaka ga gociya tana gudu a gabanka. Lawrence Bragg da John Nye ne suka fito da dabarar a 1947. Ka samu faranti mai faɗi mai baƙin ciki, zuba ruwa da ɗan sabulun ruwa, in kana da gilisarin ɗiga kaɗan don kumfar ta daɗe. Ka sa bakin allurar sirinji a ƙarƙashin ruwan a zurfi ɗaya, ka dinga tura iska a hankali ba tsayawa, abin da kake nema ƙananan kumfa masu girma ɗaya kamar milimita 1 zuwa 2. Wahalar duk a nan take, in hannunka yana rawa kumfar zata fito manya da ƙanana ta ƙi jeruwa, sai ka share ka sake. In ta yi kyau zaka ga kumfar da kanta ta jeru kowace ɗaya shida sun kewaye ta, kuma haka atam suke a fallen da jan ƙarfe yake zamewa a kai. Sunkuyo ka kalli sahun ta gefe kusa da fuskar ruwan, zaka ga wasu yankuna sun fuskanci nan wasu can da layin hargitsi a tsakani, ga tsaba ga iyakarta kenan. Ka bi sahu da ido zaka samu wanda ya ƙare a tsakiya. Yanzu sa rula biyu a gefe da gefe ka ɗan matsa ɗaya, sai kaga wani ɗan duhu ya fyalla a guje ta cikin sahun ya fita gefe ko ya tsaya cak a iyaka. Ka lura da inda yake tsayawa ɗin nan, zamu dawo kansa.

Jan ƙarfe da alminiyum da azurfa da zinariya jerin atam ɗinsu iri ɗaya ne mai hanyoyin zamewa 12, duk ta inda ka matsa akwai hanyar da zata buɗe, shi yasa suke da sauƙin sarrafawa. Tutiya da magniziyam hanyoyinsu masu sauƙi kaɗan ne, shi yasa suke saurin tsagewa in ka lanƙwasa su da sanyi.

Sai babbar tambayar, in layukan gociya ne ke kawo laushi me yasa murɗawa ta kawo tauri? Saboda basa ƙarewa, haihuwa suke yi. In layi ya maƙale a wuri biyu kuma ana ci gaba da tura shi, tsakiyarsa sai ta kumbura kamar baka, ta zagayo ta bayan inda ya maƙale ta haɗe ta zama zobe ta tafi, asalin layin kuma yana nan zai sake haifar wani, Charles Frank da Thornton Read suka bayyana wannan a 1950. A gasasshen ƙarfe, in ka ɗauki ɗan guntu mai santimita ɗaya ta kowane gefe ka warware layukan cikinsa ka jona su zasu kai kilomita 100 zuwa 1,000. Bayan ya sha duka sosai zasu kai kilomita miliyan 1 har zuwa miliyan 10 a cikin wannan ɗan guntun dai. Kuma ba hanya ɗaya suke bi ba, na wannan falle yana ratsa na wancan, su sarƙe, su ture juna, na baya su taru a bayan na gaba kamar motoci a mahaɗar da ba mai bada hannu. Kafin wani ya motsa sai ka ƙara ƙarfi. Lissafin Taylor ya nuna in yawansu ya ninka sau 4 ƙarfin da ake buƙata yana ninkawa sau 2 ne, shi yasa taurin yake hawa da sauri da farko daga baya ya dinga ja a hankali.

Mataki na biyar, ɗauki sili na uku ka kama da filaya ka dinga lanƙwasa shi gaba da baya a wuri ɗaya kana ƙirgawa. Bayan ƴan lanƙwasa tsaya ka duba da madubi, wajen da yake sumul ya dushe yayi kaushi, tsabobin ne kowacce ta zame ta nata ɓangaren. Ci gaba zaka ga ƴan tsagu sun fara buɗe baki a bayan gwiwar, daga nan sai karyewa. Rubuta adadin. Yi wa wanda ka murɗa haka ka gani, zai riga shi karyewa. Wannan shine kuɗin da ake biya, gasasshen jan ƙarfe yana miƙewa kusan kashi 45 cikin 100 kafin ya tsinke, wanda ya taurare kuwa da ƙyar ya kai kashi 5, tunda layukan sun kasa tafiya babu abin da ya rage sai atam su rabu. Sili na huɗu ka dake shi da guduma ya baje, kunnenka ma zai ji bambanci, dukan farko yana nutsewa, daga baya guduma ta fara dawowa gefen ya fara tsattsagewa.

Mataki na shida shine gyara. Murɗa sili na biyar kamar yadda ka yi wa na biyu, auna shi, sai ka gasa shi yayi ja mai duhu ka tsoma a ruwa ka sake aunawa. Adadin notin zai faɗo kusa da na farko. Zafi ya ba atam damar motsi, da farko layukan suna ɗan warwarewa wasu su cinye juna, sannan sababbin tsabobi masu tsabta su tsiro a wuraren da suka fi sarƙewa su cinye tsofaffin gaba ɗaya. Wannan yana farawa ne a wajen kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin zafin narkewar ƙarfen in an ƙirga da ma'aunin Kelbin, mai fara ƙirga daga digiri 273 ƙasa da sifili, shi yasa dalma da ke narkewa a digiri 327 take gasa kanta a zafin ɗaki, kayi ta lanƙwasa ta bata riƙe tauri. Shi kuma alminiyum baya yin ja kafin ya narke a 660, sai dai ka goga masa sabulu ka cire shi daga wuta da zarar sabulun yayi baƙi.

Kar ka ce bari in barshi ya daɗe a wuta don yayi kyau. In ya daɗe manyan tsabobi suna cinye ƙanana, kuma ka tuna inda gociyar nan ta tsaya a farantin kumfa, iyakar tsaba katanga ce. Ƙananan tsabobi na nufin katanga da yawa, ƙarfi ya ƙaru, kuma wannan hanyar bata cin juriyar ƙarfe kamar yadda duka yake ci. Wasu masana biyu, Hall a 1951 da Petch a 1953, suka nuna haka a kan baƙin ƙarfe, in ka rage girman tsaba sau 4 gudummawar da iyakokin ke bayarwa tana ninkawa sau 2. Wanda ya gasu fiye da kima zaka gane shi, da ka lanƙwasa sai fatarsa tayi gurji-gurji.

Da ka gane cewa maganar duk ta tare hanya ce sauran dabarun basa buƙatar dogon bayani. A zuba tutiya kashi 30 cikin jan ƙarfe, baƙin atam masu girma daban su takura sahun, layi ya dinga tuntuɓe. Ko a sa wasu ƙananan dunƙulalli su fito a cikin tsabar, kamar abin da Alfred Wilm ya ci karo da shi a Jamus a 1906, ya gasa alminiyum mai jan ƙarfe wajen kashi 4 ya tsoma a ruwa ya ajiye, bayan kwanaki ya sake aunawa ya tarar ya ƙara tauri shi kaɗai, daga nan aka samu duralumin na jiragen sama.

Gwaji na ƙarshe don kar ka ɗauka ruwa yana yi wa kowane ƙarfe abin da yayi wa jan ƙarfe. Samu wayar sifirin ta baƙin ƙarfe mai kabon wadda ba a shafa wa komai ba, yanka uku. Na farko gasa shi yayi ja sosai har maganaɗisu ya daina kama shi, wajen digiri 770 kenan, ka janye shi daga wuta sannu a hankali ya huce, zai lanƙwasu ba gardama. Na biyu gasa shi kamar na farko, sai daga wuta kai tsaye cikin ruwa ba jinkiri don siririn abu nan da nan yake hucewa, sa tabarau ka lanƙwasa, zai ɓalle kamar gilashi. Da zafi jerin atam ɗin baƙin ƙarfe yana komawa irin jerin jan ƙarfe, jerin da ke ba baƙin ƙarfe damar ɗaukar kabon da yawa, in ya huce da gaggawa jerin yana juyawa kabon bai samu fita ba, sai ya maƙale ya karkatar da sahun ko'ina layin gociya ya rasa ta inda zai bi, shi ake kira martensait. Jan ƙarfe bashi da wannan juyin shi yasa ruwa bai taurara shi ba. Na uku kayi masa irin na biyu, sannan ka goge shi da samfefa yayi haske, ka riƙe shi nesa da harshen wuta kana kallon kalar, zai yi ruwan ɗorawa wajen digiri 220, ya koma ja-ja, da yayi shuɗi wajen 300 ka janye ka barshi ya huce. Lanƙwasa shi kaɗan ka saki, zai dawo da kansa kamar sifirin ɗin da ka yanko.